Amin-Amin Mai Walda da Ƙaton Littafinsa

A duk layin masu walda babu wanda ya san shi da wani suna in ba Amin-Amin ba. A coci ya samo sunan. Kafin Fasto ya rufe baki za ka ji shi daga kujerar gaba ya buɗe maƙogwaro: "Amin! Amin!" Ko sanarwa ake yi an tsinci makullin wani a bakin ƙofa, sai ya amsa. Ranar da aka ce famfon coci ya fashe ma ya ce amin, har da ɗaga hannu.

Matarsa, wadda ake kira Maman Biyu saboda tagwayenta, ta shekara ashirin da uku tana jin wannan murya, kuma ta san babu komai a bayanta. Mutumin ya iya aikinsa, wannan kam ba ta taɓa musu ba. Ƙofar da ya haɗa ba ta karkacewa. Ya kuma iya karatu, don labarin ƙwallo a waya ba ya barin ko layi ɗaya. Littafi Mai Tsarki ne kawai bai taɓa samun lokacinsa ba. Nasa ya fi na kowa girma a ikilisiya, da rigar fata mai zif da ruwan zinariya a bakin shafuka. Da hannunsa ya haɗa masa teburin ƙarfe a falo, daidai inda baƙo zai fara gani. Ranar Lahadi ya rungume shi a ƙirji kamar jaririn da aka haifa jiya, ya dawo ya ajiye, sai wani makon.

Ita kuwa sai da ta haihu ta koyi karatu, a ajin zumuntar mata. Nata littafin ƙarami ne, bangon baya ya cire. Kowace safiya in ta ɗora ruwa a wuta, kafin ta tafi makarantar da take shara, sai ta zauna a bakin gado ta bi sura ɗaya da yatsa, tana motsa leɓe.

"Maman Biyu, har yanzu ba ki gama ba?" in ji shi, yana ɗaura agogo. "Littafi ɗaya, shekara ashirin! Mu Ruhu ne ke mana magana kai tsaye."

"To, Maigida, Allah ya ƙara buɗe kunne," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Shi ne auta a gidansu. Yana da shekara tara iyayensu suka rasu, babbar yayarsu ta ɗauke shi. Gwanjo take sayarwa, tana ɗingisa ƙafar hagu tun wani hatsarin mota. Ita ta kai shi koyon walda, ita ta saya masa injinsa na farko, ita ta tsaya masa a wurin aure. Har ya yi furfura ba ta daina kawo masa abincin rana a shago duk Asabar ba.

Coci na farko ya bar shi ne ranar da aka zaɓi dattawan ikilisiya ba a kira sunansa ba. Ya ce Ruhu ya tashi daga wurin. Na biyu suka ba shi bajo ya maƙala a ƙirji yana nuna wa mutane wurin zama, ya yi wata bakwai yana tafiya kamar shi ya gina ginin. Da aka ce kowane magidanci zai riƙa jan nazarin Littafi ranar Laraba bi da bi, kuma layi ya kusa zuwa kansa, sai a nan ma Ruhu ya tashi. Maman Biyu ba ta bi shi ko'ina ba, tana cocinsu na farko da 'ya'yanta.

Na uku a saman bene yake, kan wani shagon taya. Mai wurin wani saurayi ne mai farin takalmi, wanda ba ya buɗe Littafi sam, sai ya rufe ido ya ce ya gani. Wannan ya yi wa Amin-Amin daidai. A lokacin injin waldarsa ya ƙone sau biyu cikin wata guda. Duk layin sun san dalili: wayar wutar shagon ta ci, ya naɗe ta da leda ya ƙi sauyawa. Amma mai farin takalmi ya dafa masa kai ya ce akwai wata mace a jininsa, mai ɗingisa ƙafar hagu, ita ta ɗaure masa aiki. Daga tagar benen nan ana hango ƙofar shagon sarai, ana kuma ganin mai kawo abinci duk Asabar. Amin-Amin bai yi wannan tunanin ba, ya faɗi ƙasa yana kuka wai an tona asiri.

Asabar ta zo, Yaya ta iso da kular abinci. Ya tare ta a bakin shago, baƙin gilashin walda a goshi, mai faci da mai fenti suna kallo.

"Yaya, daga yau kada ƙafarki ta sake taka nan. An nuna mini komai."

Ta dube shi. Ta sunkuya ta ajiye kular a kan wani guntun ƙarfe.

"To, Auta. Ka ci tun da zafi."

Ta juya ta tafi. Mai faci ya rantse wa Maman Biyu cewa ko minti goma ba a yi ba, mutumin ya buɗe kular ya cinye tas.

Da yamma Maman Biyu ta same shi a falo. Ta ɗauko ƙaton littafin ta dire masa a cinya.

"Maigida, buɗe ka nuna mini inda aka ce ka kori matar da ta raine ka. Ni na bi shi daga farko zuwa ƙarshe sau huɗu da yatsana, ban gani ba. Wataƙila a cikin naka yake, tunda ya fi girma."

"Ke me kika sani a sha'anin ruhaniya?" ya ce, ya mayar da littafin kan teburinsa, har da share masa ƙura da hannun riga.

Bayan wata biyar hawan jini ya kayar da Yaya a rumfarta, ɓarin jikinta ya shanye. Maman Biyu ce ta yi jinya a asibiti, ita ke juya ta, ita ke ba ta abinci a baki. Sai rana ta huɗu Amin-Amin ya zo, lokacin ziyarar yamma, da littafin a ƙirji da mutum biyu daga saman bene, don su shaida irin yafiyarsa. Ya tsaya a ƙarshen gado yana gyaran murya.

Bakin Yaya ya karkace, amma ana jin maganarta.

"Auta, karanta mini wurin nan. Wanda nake karanta maka bayan rasuwar Inna, in ka kasa daina kuka."

Zif ɗin ya ƙi buɗuwa, sai da ya sa haƙori. Shafukan sun manne da juna, yana ɓamɓare su suna ƙara kamar sabuwar takarda. Ya yi gaba, ya yi baya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Wata nas da ke gyara ƙarin ruwa a gadon kusa ta tsaya tana kallo. Can ya dafe wani shafi ya fara da babbar murya, ashe jerin sunaye ne, wane ya haifi wane, wane ya haifi wane. Ya yi layi shida yana tuntuɓe a kan kowane suna.

"Ba nan ba ne," in ji Yaya.

"Na bar gilashina a gida," ya ce. Mutumin da duk rayuwarsa gilashin walda kaɗai ya taɓa sawa.

Maman Biyu ta zaro nata daga jaka. Yaya ta faɗi kalma uku na farkon wurin, ita kuwa ta buɗe ba tare da nema ba, ta ɗora yatsa ta karanta a hankali har ƙarshe. Hawaye na bin gefen fuskar Yaya zuwa kunne. Kafin Maman Biyu ta rufe littafin mutanen saman bene sun sulale, shi kuma yana duba waya kamar ana kiransa.

Ba a daɗe ba mai farin takalmi ya kwashe kujerunsa ya bar unguwar, benen ya koma wurin koyon ɗinki. Amin-Amin ya ce shi dama tun farko ruhunsa bai kwanta da yaron ba. Mai gyaran wuta ya sauya wayar shagon, inji bai sake ƙonewa ba, ya ce addu'arsa ce ta ci. Haƙuri kuwa, har yau bai ba Yaya ba.

Da aka sallame ta, Maman Biyu ta kawo ta gida ta shimfiɗa mata a ɗakin tagwaye, ba ta nemi izinin kowa ba. Karatun safe ya koma can, a bayyane. Sai ta lura duk lokacin da ta fara, maigidan na tsaye a bakin tagar ɗakin da buroshi a baki, yana goge haƙori har sai an kai ƙarshen sura. Mai faci ya kawo mata sauran labarin yana dariya: wai kullum in Amin-Amin ya isa shago sai ya tara su ya ce yau an yi masa wahayi da asuba, ya zayyana musu abin da ya ji, rabi daidai, rabi ya juya shi baibai.

Ta faɗa wa Yaya tana tsaki. Yaya ta kamo mata gefen zane da hannunta mai lafiya.

"Ƙanwata, ki riƙa ɗan ɗaga murya. Kunnensa ɗaya ƙarar inji ta cinye."

Maman Biyu ta sake yin tsaki, ta gyara mata matashi. Washegari ta ɗaga muryar, amma ta zauna ta ba tagar baya.