Hoton golanmu da na hana 'yarsa

Edita, ina roƙon ka ɓoye sunana. Shekara goma sha ɗaya na yi ina kula da kayan wasan wani kulob na ƙwallon ƙafa a nan Kano, mallakar wata masaƙa. Ni ke wanke riguna, ni ke hura ƙwallo, ni ke zagin alƙalin wasa in an cuce mu. Lokacin ina saurayi mai zafin kai, ko maganar aure ba na so in dai muna da wasa. Da masaƙar ta durƙushe kulob ɗin ya bi ta, kowa ya kama gabansa. Ni kuwa na kwashe hotunanmu da takardun rajistar 'yan wasa na zuba a akwatin katako, na kai wani ɗakin ƙasa a gidanmu na Dala na kulle. Duk tarihin kulob ɗin yana cikin akwatin nan.

Akwai mutum ɗaya da na riƙe a zuciya, wato golanmu. Tare muka taso, kwano ɗaya muke ci. A kakarmu ta ƙarshe, saura wasa uku mu tsira daga faɗawa ƙaramin rukuni, ya koma wani kulob a kudu. Na san dalilinsa sarai: matarsa na da ciki, masaƙa kuma tana shirin rufewa. Duk da haka na kira shi maci amana a gaban jama'a. Muka sha kashi a wasannin uku. Bai cika wata biyar da tafiya ba ya rasu a haɗarin mota, ko gaisuwa ban je ba.

Bara wata mata ta yi sallama a zaurenmu, malamar makaranta ce daga Ƙofar Na'isa. Ta durƙusa ta gaishe ni, tana ce mini Baba. Ta ce ita ce cikin da golan ya bari, ba ta taɓa ganin fuskar mahaifinta ba. Hoto ɗaya da mahaifiyarta ta ajiye ya lalace shekarar da ruwa ya rushe musu ɗaki, mahaifiyar kuma ta rasu. An ce mata ni kaɗai ke da hotunan kulob, ko a waya ta ɗauka ya ishe ta. Wallahi ina jin kunyar rubuta wannan: na ce mata mukulli ya ɓata, alhali yana cikin aljihuna. Ta dawo bayan bikin sallah na ce ba ni da lafiya. Ta sake dawowa na sa aka ce ba na nan, ina ciki ina jin muryarta tana godiya. Tsoho da furfura, ina gaba da mamaci!

Matata ce ta tsare ni, ta tambaye ni abin da zan faɗa wa Allah in na mutu da mukullin nan. Washegari na buɗe ɗakin, na ɗaga murfin akwatin, sai ya biyo hannuna. Gara ta shigo ta ƙasa ta cinye komai, ba abin da ya rage sai jar ƙasa da guntayen takarda. Wani maƙwabcina kafinta ya duba ya ce cin bai wuce na daminar bana ba. Ke nan ranar da malamar ta fara zuwa, hotunan suna nan lafiya.

Na je har gidanta na faɗa mata gaskiya duka, har ƙaryar mukullin. Ta ce ta yafe, amma in gaya mata kamanninsa. Na ce ta duba madubi: wushiryarta tasa ce, girarta tasa ce, tun ranar farko na gane. Ta sa hannu ta taɓa bakinta, sai kuka ya ƙwace mata, ni ma na kasa riƙe nawa.

Na gane cewa abin da nake kira kishin kulob, ƙullata ce kawai. 'Yan'uwa, duk mai ajiye da tsohon hoto ko takarda ta mutane, ya fito da ita yau ya ba masu ita, kada ya jira ya huce tukuna. Ni na huce, amma ba ni da abin da zan miƙa wa baiwar Allah nan.