Bakin Mama Mai Ɗinki

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da na auri matar da unguwa ke kira Mama mai ɗinki. Keken ɗinkinta ne ya lalace aka kira ni gyara, ni kuma na yi ta samo masa ciwon da ba shi da shi har aka ɗaura mana aure.

Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi. Keke biyu, teburin yanka, madubi mai tsaga a gefe, sai bencin da nake zama tun da idona ya daina ganin ƙananan notin keke. Ba ta da surutu wajen aiki, don kullum akwai fil huɗu ko biyar a bakinta, tana zaro su ɗaya-ɗaya in tana gwada riga a jikin mutum. Da shekaru suka ja, fatar da ke kewaye da leɓenta ta tattare kamar wandon da aka ja wa tazuge. Ni ta nan nake gane ta. In layukan suka matse, na san ranar ta shiru ce. In suka saki, ko shayi na biyu na nema zan samu.

'Yarmu ta biyu, mai aiki a asibitin fata, ita ta ɗauki Mama zuwa can wata safiya. Da azahar suka dawo, bakin ya ɗan kumbura, ga ɗigo-ɗigon ja.

"Allura ce, Baba," in ji yarinyar. "Tana cike ramukan, fata ta miƙe. Bayan wasu watanni sai a sake yi."

"Ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta ƙalau."

"To me ya haɗa mai lafiya da allura?"



Bayan mako biyu kumburi ya sauka, sai ga mace kamar an zare mata shekara goma. Ina kallon bakin, ban san ko fushi take ko jin daɗi ba. Mai yadin tsallaken titi, wanda matarsa ta rasu bara, a da sai an je an same shi a shago. Yanzu shi ke tsallako titi da bandir a kafaɗa.

"Mama, wai ke ce ko ƙanwarki aka bari a shagon?"

Ta yi dariya. Sau uku ya zo ran nan, ina ƙirge. Washegari wata sabuwar mai kawo ɗinki ta durƙusa ta gaishe ni, ta juya ta ce mata, "Allah ya ƙara wa mahaifinki lafiya." Shekara huɗu ce kacal tsakaninmu. Ita kuwa ba ta gyara mata ba, ta ci gaba da awo.

Abu ɗaya allurar ta ɓata. Leɓen ya yi mata nauyi, fil ya riƙa zamewa yana faɗuwa ƙasa. Sai ta ce, "Malam, taso ka riƙe min." Na tsaya da fil a tafin hannu kamar ɗan koyo. Da ya rage mu biyu a shagon, na yi tambayar da ta yi kwana ashirin a maƙogwarona.

"Don wa aka yi gyaran nan?"

"Wa kake zargi? Mai yadi? Mutumin da haƙoransa ba su kai naka yawa ba?"

"Ni ban kama suna ba."

"Amare uku suka leƙo shagon nan cikin wata guda, suka kalli fuskata, suka wuce wurin 'yan matan can masu ɗinki na gaba. Ɗaya har da cewa me tsohuwa ta sani a yayi. Ni na ɗinka wa uwarta kayan aure."

"Ba ki faɗa min ba."

"A gabanka aka yi. Gyangyaɗi kake."

Na yarda da maganarta, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Gani nake tare muka kamo hanyar tsufa, ita ta juya ta bar ni ni kaɗai.

Bayan wata bakwai layukan suka soma dawowa, ni kuma ina murna a ɓoye. Sai ta tsaya gaban madubi ta ce, "Yarinyar nan ta ce in koma asibiti ran Talata. Me ka ce?"

"Ni tsohon bakin na fi so."

"Duk zamanmu ba ka taɓa yaba shi ba sai da ya tafi. Kuma amaren sun dawo, kai ma ka gani."

Na gani ɗin. Ran Talata ta yafa mayafi ta fita, na ɗauki sandata na bi bayanta. A ɗakin jira mai rubuta suna ta tambaye ni wa na rako. Na ce matata, na kuma ɗaga murya yadda har na bakin ƙofa sai da ya waiwayo.