Rigar da Malam Gana Ya Ɗinka wa Kwamfuta

Malam Gana tela ne a Fagge, kuma irin telan da ba ya saka wa mutum ranar da ba zai cika ba, abin da ya sa sauran telolin layinsu suke masa kallon mai son ɓata musu sana'a. Ya buɗe shagonsa a shekarar 1999, cikin watan da sojoji suka miƙa mulki, da keken ƙafa ɗaya da benci ɗaya a bakin ƙofa. Kakansa ne ya zo Kano daga Borno da fataucin busasshen kifi. Mahaifinsa kuwa direban babbar mota ne, ya yi shekara talatin da ɗaya yana jigila tsakanin Kano da Maiduguri. Gana ya tashi ba shi da burin da ya wuce ya riƙe sitiyari, amma tsohon ya ce shi ya gama shan wahalar titi a madadin gidan gaba ɗaya, ya kama hannunsa ya kai shi koyon ɗinki.

A shekarar 2014 ya sayi injin aikin wuya, irin wanda sai an zana masa adon a kwamfuta, a daidaita shi da faɗin wuyan kowace riga, sannan a zuba masa ta filasha ya hau dukan zare. Wanda ya saka masa manhajar zanen ya bar masa wani abu a ciki ba tare da an tambaye shi ba: wasan tuƙa tirela, a ɗauki kaya daga wannan gari a sauke a wancan. Malam Gana ya buɗe shi ne da niyyar gogewa. Tun daga ranar, duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya rufe shago, ya saɓi laftof ɗin zuwa gida, ya yi awa ɗaya da rabi yana tuƙi. Ba wanda ya sani sai matarsa Kubura, wadda takan leƙo ta tambaye shi ko direba zai ci abinci ko sai ya isa tasha. Kwamfutar ba ta da ƙarfin wasan. Motar takan yi ta tsalle-tsalle, ta tsaya cak a tsakiyar kwana, ya farga ya gan shi a cikin rami. Haka ya haƙura shekara biyar.

Ranar huɗu ga azumin 2019, da hantsi, laftof ɗin ta ɗauke ba ta sake tashi ba. A lokacin akwai ɗinkin Sallah na mutum sittin da uku a shagon, kowanne an yanka, kowanne da sunan mai shi a jikin takarda an maƙale da allura, kuma kowanne yana jiran aikin wuya. In babu kwamfuta, injin nan ba shi da bambanci da teburin ajiye kaya.

Washegari ya bi ta shataletalen Bata ya shiga Sabon Gari wurin Chibuike, mai sayar da kwamfutoci da gyaransu. Chibuike haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni daɗi, kuma shekara goma sha biyu ke nan Malam Gana yake ɗinka wa iyalinsa kayan Kirsimeti. Ya buɗe tsohuwar, ya duba, ya ce ta gama aikinta a duniya, amma zai kwashe masa zanukan da ke ciki. Sai ya tambayi abin da ake tambayar kowa: me za a yi da sabuwar?

Malam Gana ya ce aiki. Aikin shago kawai.

Chibuike ya ɗauko wata siririya mai ruwan toka, marar hayaniya, ya ce wannan za ta ɗauki zanen wuya har na babbar riga ba tare da ta yi nishi ba. Malam Gana ya juya ta gaba da baya kamar mai duba shadda, ya san sarai ba za ta ja tirela ba, ya ce ta yi masa rashin nauyi. Aka kawo wata mai nauyi, ya ce gilashinta ya yi ƙanƙanta. Aka kawo mai babban gilashi, ya ce madannanta ba su yi masa daɗin taɓawa ba. A saman kantar shagon kuwa akwai wata baƙa mai kauri da jan zane a murfinta, an sa mata hoton kan wata dabba mai buɗaɗɗen baki. Tun shigowarsa idonsa yake kanta. Da Chibuike ya ce waccan ta masu wasa ce, ta tsaka-tsaki, ba ta 'ya'yan masu hali ba kuma ba ta 'yan koyo ba, sai Malam Gana ya kawar da kai da sauri, ya ce shi mai shekara arba'in da bakwai ina shi ina kayan wasa.

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san shagon. Bencin nan na bakin ƙofa ya zama majalisar dattawa. Kullum bayan azahar Baba Goni, aminin marigayi mahaifinsa, yakan zo ya zauna da mutanensa, kuma daga inda yake zama ana hango teburin kwamfuta tsaf. Malam Gana ya ƙaddara cewa ranar da tsohon ya ga jan kan dabba a teburinsa, ranar mutuncin da ya tara na shekara ashirin zai zube.

Ya dawo ranar bakwai ga azumi, aka maimaita abin da aka yi. Ranar takwas da tara ya zagaya shagunan titin Ibrahim Taiwo cikin rana, baki a bushe. A kowane shago yakan yi tambaya a kaikaice, wai a ce mutum yana son kwamfuta mai kamar ta ofis a waje, amma a ciki tana iya nuna hoto mai gudu. Wani ya nuna masa wadda kuɗinta ya kai na injinsa. Wani ya tambaye shi kai tsaye wane wasa yake yi, ya fito ko sallama bai yi ba. Ya koma gida yana faɗa da kowa, da masu adaidaita sahu, da masu ƙera kwamfutoci da ba su san akwai manya a duniya ba. Kubura ta ce masa mutane sun fara aikowa gida suna tambayar kayansu, kuma ita ba ta iya ƙarya da azumi a bakinta ba.

Ranar sha ɗaya ya koma wurin Chibuike karo na uku. Yana fara cewa a sake fito masa da mai ruwan tokar nan, Chibuike ya ajiye sukudireban da ke hannunsa.

"Malam Gana, kai fa tela ne. In mutum ya zo awo ya shanye cikinsa, ka ɗinka, rigar ta matse shi, laifin wa?"

Malam Gana ya ce wannan ai ba ta shafi maganar da ake ba.

"Ta shafa. Ni na kwashe maka kayan tsohuwar. Na ga tirelarka, ja ce, har ka sa mata ƙarin fitilu. Kwana shida kana wahalar da ni da kanka. Ɗauki baƙar can ka tafi ka yi wa mutane ɗinkinsu."

Malam Gana ya kawar da kai ya kalli silin. Sai ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko tirelar tana tsayawa a kwana a cikinta. Chibuike ya ce ko da tirela uku ya haɗa ba za ta tsaya ba. Aka yi ciniki, aka saka manhajar zane da zanukansa da ɗaya abin, ya naɗe ta cikin leda biyu ya fita kamar wanda ya sayo abin da hukuma ta hana.

Washegari a shago ya kunna ta kafin dattawa su zo, sai ga abin da bai lura da shi ba a hasken shagon Chibuike. Madannan suna fitar da jar wuta, ta koma shuɗiya, ta koma kore, kamar motar kai amarya. Komawa Sabon Gari ya yi tambaya a kan wannan kuwa, bayan abin da ya faru jiya, ya fi ƙarfinsa. Sai ya yi abin da hannunsa ya saba. A shagon nan keke yana da riga, injin yana da riga, rediyo da fanka da tulun ruwa duk ya ɗinka musu. Ranar sha biyu ga azumi, da ɗinkin mutum sittin da uku a rataye, Malam Gana ya auna laftof da tef, ya yanki ragowar shadda ruwan ƙasa, ya sa mata shafi mai kauri, ya ɗinka mata riga daidai jikinta. Ta rufe murfi da kan dabbar, ta zagayo ta rufe ƙasa da gefe da baya, ya bar ƙofar caja da ta filasha kawai. A kan madannai ya shimfiɗa siririn yadi mai duhu, tunda shi da linzamin kwamfuta yake zane. Aikin ya yi kyau, wannan ba a ja. Baba Goni ma da ya zo ya yaba, ya ce ko kwamfuta in ta shigo hannun mai tarbiyya sai ta suturta.

Da la'asar ta mutu karon farko. Yana tsakiyar daidaita wani zane mai wuyar sha'ani, fankar cikinta ta yi ta kuka, gilashi ya yi baƙi, aikin minti arba'in ya tafi. Ya ɗora laifin a kan wutar Nepa. Washegari ya tayar da janareto, ta mutu sau huɗu. Ya ɗora laifin a kan janareto. Ranar sha huɗu ya canza soket, ya matsar da tebur, ya juyo mata da fankar shago, wadda ke hura shadda ba ta isa ga komai ba. Cikin kwana huɗu riga tara kawai suka fita daga injin, a wurin da ya saba fitar da biyar a yini. Mutum biyu suka zo da kansu, ya ba su haƙuri, kalmar da bai saba furtawa a bakin shagonsa ba. Ya tabbatar wa kansa Chibuike ya haɗa shi da ruɓaɓɓen kaya don ya ga ya matsu.

Ranar sha bakwai ya isa Sabon Gari da jawabinsa a shirye tun daga Fagge: shekara goma sha biyu, amana, kayan Kirsimeti da bai taɓa makara da su ba. Ya zaro laftof ɗin daga jaka ya dire a kan kanta. Chibuike bai saurari jawabin ba. Ya ɗaga ta, ya juya, ya shafa ɗinkin da yatsa, ya kira matarsa Ifunanya daga cikin shago ta zo ta gani. Ita kuwa ta kama baki ta koma ciki da sauri, ana jiyo dariyarta ta bayan labule.

"Har da shafi," in ji Chibuike. "A watan Mayu, a Kano. Malam Gana, ta ina kake so ta yi numfashi?"

Ya zare rigar, ya nuna masa ramukan iska a ƙasa da gefe da baya, duk wuraren da aka bi da ɗinki biyu don kada su buɗe. Ya ce irin wannan kwamfuta zafi take fitarwa kamar murhu, in ya rasa hanya sai ta kashe kanta don kada ta ƙone, kuma ya gode Allah da ta yi hakan. Malam Gana ya ce to wutar madannan fa, shi ba zai zauna gaban manya da abu yana walƙiya ba. Chibuike ya sa yatsa biyu ya danna madannai biyu tare. Wutar ta ɗauke.

Malam Gana ya tambaya ko shi ke nan. Aka ce shi ke nan. Kan dabbar kuwa ba abin da za a yi masa, kuma a shago sai ya ɗora ta a kan wani abu iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Ya miƙa hannu zai karɓi rigar, Chibuike ya ce a'a, wannan ta zama ta shago, zai rataye ta ya riƙa nuna wa masu saye abin da ba a yi.

Da azahar laftof tana kan tebur tsirara, an ɗora ta a kan ƙwaryar zare huɗu, fankarta tana huci, jan bakin dabbar yana kallon benci. Malam Gana ya zauna yana zane, wuyansa a sandare, yana jiran hukunci. Baba Goni ya iso, ya zauna, ya gyara sandarsa, ya ɗan leƙo. Ya ce wannan irin ta jikokinsa ce da suke wasan ƙwallo da ita, an ce suna da ƙarfi. Sai ya tambaya ina aka kwana a kan babbar rigarsa, don ya ga har yanzu tana rataye ba aiki a wuyanta. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan kwamfutar ba, ranar ko bayanta.

Saura kwana goma sha biyu, saura riga hamsin da huɗu. Kwamfutar ba ta sake mutuwa ba, amma injin ba ya wuce abin da zai iya, ga wuta tana zuwa tana tafiya. Juma'a biyu suka wuce bai rufe shago ba, tirela tana ajiye inda Chibuike ya saka ta, ko gwada ta bai yi ba. Ranar ashirin da biyar ga azumi ya tsaya gaban igiyar rataya ya lissafa abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba, don ya san in ya bari sai jajibere ba telan da zai karɓi kayan kowa. Tara ba za su samu ba. Ya sauke su ɗaya bayan ɗaya, ya ninke kowacce da takardar sunanta a sama, ya jera a kan tebur. Cikinsu har da na wani ɗan kasuwar Singa da yake kawo masa ɗinki tun shagon yana da keke ɗaya. Da shi ya fara. Ya ɗauki waya, ya yi sallama, ya ce Alhaji a yi haƙuri, a aiko a karɓi kaya a kai wani wurin tun da sauran lokaci. Alhajin ya tambaya ko lafiya, ko injin ne ya lalace. Malam Gana ya ce injin lafiyarsa ƙalau, laifin nasa ne, sannan ya nemo lamba ta biyu.