Kunyoyi Bakwai a Gindin Ɗorawa

A Rafin Tsamiya, wani ƙauye tsakanin Tsanyawa da Bici, ba wanda zai ce maka Muntaka rago ne. Manomi ne na gaske, ba ya wasa da salla. Ciwonsa ɗaya ne a duniya, kuma ciwon yana da suna: Sammani, ɗan ƙanen mahaifinsa.

Rana ɗaya aka yi musu kaciya, Sammani ya riga shi warkewa, kuma har yau Muntaka bai yafe ba. Sammani ya riga shi aure, ya riga shi sayen keke. Ranar da tunkiyar Sammani ta haifi tagwaye kuwa, Hure matar Muntaka ta san tuwonta ba zai ciwu ba, ko da ta malale shi da man shanu.

Da aka raba gandun kakansu, an binne duwatsu a kan iyaka, aka dasa layin gamba a kansu. Gonakin kai ɗaya suke, amma ɗorawa ta faɗa ɓangaren Sammani, tare da kunyoyi bakwai masu baƙar ƙasa, inda shanu ke kwana da rani. Nan idon Muntaka ya tsaya. Wata damina ya dasa tushen gamba a bayan ɗorawar, ya yi shiru har ta kama ta tsufa. Sannan ya kai ƙara, wai nan ce iyakar asali.

Shekara goma sha ɗaya yana zirga-zirga tsakanin dagaci da alƙali. Daga ƙarshe ya ci nasara a shekarar da aka yi fari, zamanin soja, lokacin da ake bin layin sabulu da madara. Aka ba shi takarda, ya dangwala yatsa. Sai dai Sammani ya riga ya yi shuka a wurin, dattawa suka ce al'ada ita ce mai shuka shi ke girbi, Muntaka ya dakata sai kaka. Da baki aka yi wannan magana, ba ta shiga takarda ba.

Kullum da hantsi Muntaka yana gindin ɗorawa yana kallon kunyoyinsa, kamar mai gadin tukunya a kan wuta. Gero ya ƙone a ko'ina, mutane sun koma cin rama da tafasa, amma Sammani ya yi wa ɗakinsa rufin kwano, ya kuma sayi babur. Duk lokacin da babur ɗin ya wuce, sai Muntaka ya ji kamar a kan ƙirjinsa aka bi.

Wata safiya ya kutsa cikin ramar da Sammani ya shuka a kunyoyin, sai wani wari ya doke shi. Ya duba da kyau. A tsakiyar ramar ga wiwi nan ya yi kore shar, ganyensa ya saje da nata. A lokacin rediyo ba ta da zance sai sabuwar doka: an harbe masu hodar iblis, mai noman wiwi kuwa sai ya tsufa a gidan yari. Muntaka ya dawo gida yana murmushin da Hure ta shekara ba ta gani ba.

Da ta ji labari ta ce, "Malam, ka gaya wa dagaci a tuge a ƙone, magana ta mutu. Ɗan'uwanka ne fa."

Ya ce, "Ɗan'uwan nawa ya taɓa ɗaukata a babur?"

Washegari ya shiga bas zuwa Bici ya kai rahoto. 'Yan sanda suka zo suka tuge wiwin, suka tafi da Sammani. Kwana uku Muntaka yana cin tuwo har da neman ƙari.

Surukan Sammani suka sayar da babur suka ɗauko lauya daga Kano. Tambaya ɗaya lauyan ya yi: gonar wa ce? Ya fito da takardar alƙali mai yatsan Muntaka, ya kawo mutanen da suka ce kullum a can suke ganinsa. Dattawan da suka ce mai shuka shi ke girbi, da jin an ambaci kotun soja sai duk suka kurumce, dagaci ma zazzaɓi ya kama shi. Kafin Juma'a ta zagayo, Muntaka da Sammani suna zaune a benci ɗaya, ankwa ɗaya ta haɗa su.

Hukuma ta ba Muntaka lauya, wani siriri mai suna Hadi. Hadi ya ce, "Baba, takarda ta ce wurinka ne, shaidu sun ce can kake wuni, naka shaidun sun gudu. Shekara ashirin da ɗaya ake magana. Gaya mini gaskiya, yaya aka yi wurin nan ya zama naka?"

Muntaka ya daɗe yana kallon yatsan da ya dangwala. Tsoron gidan yari ya kama shi, amma wallahi baƙin cikin mayar wa Sammani ɗorawa ya kusa rinjayar tsoron.

Ranar shari'a ya miƙe gaban jama'a ya rantse cewa wurin bai taɓa zama nasa ba, shi ya dasa gambar ƙarya, kuma in aka tona tsohon layi za a ga duwatsun rabo. Aka je aka tona, ga duwatsu. Aka sallame shi, aka soke takardarsa, aka yanke wa Sammani shekara goma.

Yana dawowa gida kunnuwan dattawa suka warke. Suka ce 'ya'yan Sammani ƙanana ne, kuma ba mai riƙe gonar wanda ba ya nan sai makusancinsa. Haka Muntaka ya shekara bakwai yana noman kunyoyin nan. Shi ya yi musu taki, shi ya yi noman firi da maimai, ya ɗaure dammuna ya kai rumbun Sammani a kansa. Ba inda ke yin dawa kamar wurin, kuma ko ƙwaya ɗaya bai taɓa kaiwa bakinsa ba.

A shekara ta takwas aka yi wa Sammani afuwa. Ya dawo da kumatu, ya kuma iya ɗinki, har ya kafa keken ɗinki a kasuwar Tsanyawa. Muntaka ya ce wa Hure, "Kin gani ko? Muna nan muna cin tafasa, shi ana dafa masa kyauta, har da koya masa sana'a."

Sammani ya zo har ƙofar gida a gaban mutane, ya durƙusa. Ya ce, "Yaya, laifina ne ya kai ni, ba kai ba. Ka riƙe mini yara. Ɗorawar nan ka riƙa ɗiban kalwarta duk shekara, na ba ka halak malak."

Jama'a suka yi ta cewa kai, Sammani ɗan halak ne. Muntaka ya ji yabon nan ya fi ankwa ciwo. Ya ce ya gode, ya shige gida.

Yanzu ya tsufa, gonarsa tana nan, inuwar ɗorawa tana faɗowa cikinta kowace yamma. Har yau a kasuwa Hure take sayen daddawa.