Laifin da Na Bar Ɗana Ya Ɗauka

Assalamu alaikum Edita, tare da masu karatu. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuto ta, domin ba abin alfahari ba ce. A lokacin da abin ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina zaune a Dutsin-Ma, sana'ata hatsi. Ranar kasuwa in hau babur in nufi Kurfi, in sayi gero da dawa a hannun manoman Barkiya da Ɗantutture, a loda mini a mota. Karatun allo na yi, da ajami nake rubuta duk abin da nake son tunawa, kuma idan liman ya yi tafiya ni ake turawa gaba a masallacin unguwarmu. Ba a jin kaina da kowa. Amma ina da wani hali da a lokacin nake ɗauka mutunci ne: ba na son a ga gazawata, ko da matata ce. 'Ya'yanmu uku, maza biyu da mace mai shan nono. Babban yana da shekara tara, ƙanensa bakwai.

A shekarar ne ƙwallo ta shigo mana gida. Da can tsumma suke dunƙulewa a leda su ɗaure da zare, sai kawunsu na Kurfi ya zo yawon sallah ya kawo musu ta fata. Wani matashin malamin firamare kuma ya fara tara yaran unguwa yana koya musu wasan. Babban bahago ne, idan ya ɗauki ƙwallo da ƙafar hagu sai ka rantse an ɗinke ta a jikinsa. Ƙaramin ba ya son gudu, don haka ya ce shi gola ne. Kullum bayan la'asar sai su jera takalma biyu a ƙofar zaurena su ce raga ce, ni kuma ina ciki a kan buzu da littafi a buɗe, ido rabi a kan karatu rabi a kansu. Har mahaifiyarsu takan tsokane ni ta ce Malam, in gajeren wando kake so a ɗinka maka ka faɗa, ba sai kana leƙe ba. Ina jin daɗin yaran nan, Allah ya sani.

Cikin wannan hali ne na fara ciwon kai ta ƙeya. Da ya matsa na je asibiti, aka gwada ni aka ce hawan jini ne, likita ya ce magani ne na kullum ba fashi. Na karɓa, na rubuta a jikin kowane kwali da ajami, wannan na safe, wannan na dare. Sai dai ɗaya daga ciki yana sa ni yawan fitsari. Alwala ba ta zama. A kasuwar Kurfi ina tsakiyar ciniki sai in bar mutum tsaye in nemi wurin kewayawa. Ranar da abin ya kai ni bango ita ce ranar da nake jan sallar la'asar, na ji marata ta cika tun a raka'a ta biyu, na yi ta sauri har wani dattijo ya tambaye ni bayan sallama ko gobara ake yi a gidana. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma daga ranar ban ƙara haɗiyar ƙwaya ɗaya ba. Ban koma na gaya wa likita ba, don ina jin kunyar in zauna gaban yaro sa'an ƙanena ina yi masa bayanin fitsari. Na koma shan zoɓo ba sukari da tauna tafarnuwa. Idan wata ya cika matata ta tuna mini, sai in je in karɓo maganin don kada ta yi tambaya, in yi rubutuna a jikin kwalayen kamar kullum, in zuba shi a wata tsohuwar gafaka da ke rataye a zaure.

Ba a yi wata biyu ba ciwon kan ya dawo, fiye da na da. Duk sanda ƙwallo ta daki bangon zaure sai in ji kamar a tsakiyar kaina aka buga ta. Na san dalilin ciwona sarai, amma ya fi mini sauƙi in ce hayaniyar yara ce. Wata rana ƙwallon ta faɗo cikin zaure ta ture mini tawada a kan buzu. Na ɗauki 'yar wuƙar da nake fiƙe alƙalami da ita, na fito, na farke ta gida biyu a gaban abokansu. Ban tsaya nan ba. Na ce daga yau duk wanda ya sake taɓa ƙwallo a cikinsu ban yafe masa ba. Ƙaramin ya fashe da kuka. Babban bai yi kuka ba, ya durƙusa ya tattara fatar ya shiga gida da ita. Da mahaifiyarsu ta kawo mini abinci ta ce, a hankali, Malam duka ya fi wannan kalma sauƙi, yaro ba ya iya ɗaukarta, ka janye. Na ce mata ni ba na magana biyu.

Ƙofar gidana ta yi tsit. Yaran unguwa suka koma filin makaranta a can bayan gari. Bayan kamar mako uku, na dawo daga Kurfi cikin zafin rana kaina kamar zai tsage, sai wani maƙwabcina ya tare ni da fara'a ya ce yanzu ya wuto ta fili ya ga yaron nan nawa bahago ya zura biyu, ƙafar nan tasa sai dai a yi mata addu'a. Shi yabo yake yi, bai san an hana ba. Na karyo tsumagiya a jikin darbejiya, na yi la'asar, na zauna a zaure ina jira. Ina nan zaune sai na ji hannuna na dama ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na yunƙura in tashi, na kife. Na buɗe baki in kira matata, sauti ya ƙi fita. Tana ciki tana girki, kuma ni da kaina na saba mata cewa idan ina zaure ba a damuna. Da yaran suna wasa a ƙofa kamar da, da ban yi minti ɗaya a ƙasa ba sai an ganni. Haka na kwanta ina kallon inuwa tana tafiya a bango har gab da magariba. Babban ne ya fara shigowa, ƙafafunsa butu-butu da ƙasar fili. Ya ganni a ƙasa baki a karkace, ya ga tsumagiya a gefen hannuna. Idona ya shiga cikin nasa, na ga lokacin da ya haɗa lissafin abin a ransa.

A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Likita ya tambaya ko ina shan magani, matata ta amsa da gaskiyarta cewa ba ya fashi, duk wata sai ya karɓo. Harshena a ɗaure yake, kuma, Allah ya gafarta mini, na ji daɗin hakan. Washegari yayata ta zo daga ƙauye, ta ji labarin tsumagiya, ta dubi yaran a bakin gadona ta ce to kun gani, kun kwantar da ubanku saboda tamola, sai ku je ku ci ta. Ina ji ina gani. Bayan mako biyu bakina ya fara sakuwa, ina iya haɗa magana. A nan ne laifina na gaskiya ya fara, domin daga nan ba ni da uzuri. Masu dubiya idan suka tambayi abin da ya jawo, sai in ce ɓacin rai ne, yaran zamani sai haƙuri. Sau da yawa babban yaron yana tsaye riƙe da buta nake faɗin haka.

Daga nan ya zama wani yaro daban. Shi ke sa mini takalmi, shi ke riƙe ni zuwa bayi, shi ke juya mini shafi idan ina karatu. Ya daina dariya, tuwo sai an matsa masa. Idan yara suka wuce da ƙwallo sai ya juya fuskarsa bango. Malaminsu ya zo har gida sau biyu yana roƙon a bar shi ya dawo, yaron ya ƙi ko fitowa su gaisa. Mutane suna ta cewa Malam ka yi dace, ciwon nan ya shiryar maka da yaro. Ni kuma ina amsa yabon ina cewa alhamdu lillahi. Wata bakwai muna haka.

Sai likitan da ke motsa mini gaɓoɓi ya ce in riƙa zama a kujera ina tura ƙwallo da ƙafar da ta mutu, yaro yana maido mini. Matata ta aro ta maƙwabta. Muka zauna a tsakar gida da hantsi, ƙaramin sai murna yake yi. Na tura da ƙyar, ta gangara ta tsaya a gaban babban. Ya ja da baya kamar garwashi ne. Na ce ya bugo mini, ai likita ne ya ce. Ya girgiza kai, hannuwansa a baya. Da na matsa masa sai ya ce ya yi wa Allah alkawari tun ranar asibiti cewa in Baba ya tashi ba zai ƙara taɓa ƙwallo ba har ya mutu, kuma yana tsoron in ya taɓa zan sake faɗuwa. Sannan ya durƙusa ya tambaye ni ko na yafe masa. Wannan ita ce ƙofar da Allah ya buɗe mini, kuma ban shiga ba. Na ɗora hannu a kansa na ce na yafe. Na yafe masa laifin da bai yi ba, ya yi mini godiya.

Asirina ya tonu ne gab da damina. Matata tana kwashe kayan zaure don a yi yaɓe, ta sauko da gafakar. Ta zo ta shimfiɗa kwalayen a gabana ɗaya bayan ɗaya, ko ɗaya ba a buɗe ba, ga rubutuna a jikinsu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce Malam, ka sa na yi wa likita ƙarya ban sani ba, wannan tsakanina da kai ne, zan iya haɗiyewa. Amma yaron nan wata bakwai yana yawo da gawar ubansa a wuya alhali uban yana raye yana kallonsa. Ta ce ita ba za ta gaya masa ba, bakin da ya ɗaura shi zai kwance.

Washegari bayan ya dawo daga makaranta na kira shi zaure. Na miƙa masa kwali ɗaya na ce ya karanta, don ni na koya masa ajami. Ya karanta, na safe. Na ce ya duba ko an taɓa buɗewa. Sannan na faɗa masa komai, har maganar fitsarin da na ji kunyar faɗa wa likita. Na ce ba ƙwallonsa ce ta kayar da ni ba, ni na kayar da kaina, kuma da suna wasa a ƙofa ranar da an kai ni asibiti da wuri. Na janye kalmar da na yi, na roƙe shi gafara. Na zaci zai yi kuka ko ya yi murna. Bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe yana juya kwalin a hannunsa, sannan ya yi mini tambaya ɗaya tak, ya ce Baba, tun yaushe ka sani. Na ce tun ranar farko. Ya ce to. Ya tashi ya ɗauko buta ya zuba mini ruwan alwala kamar kullum. Ban taɓa jin ruwa ya ƙona ni kamar na ranar ba.

Yau shekara biyu ke nan. Ina tafiya da sanda, ina jan ƙafa, hannuna bai koma daidai ba. Da na gaya wa likita gaskiya, cikin ɗan lokaci ya canja mini maganin da wani, ya ce da na faɗa tun farko da shi ke nan. Liman ya zaunar da yaron ya fahimtar da shi cewa alkawarin nan bai hau kansa ba. Kawunsa ya kawo sabuwar ƙwallo, kuma bayan makonni ya koma fili.

Abin da na koya shi ne, kunyar da ta hana ka faɗa wa likita gaskiya ba kunya ba ce, girman kai ne ya sa rigarta. Addu'a ba ta hana shan magani, kuma in magani ya dame ka, ka koma ka faɗa, kada ka yanke wa kanka hukunci a zaure. Iyaye kuma mu ji tsoron Allah a kan bakinmu. Yaro yana gaskata duk abin da ubansa ya faɗa, har da abin da uban ya yi shiru a kai. Kada ciwonka ya sa ka nemi wanda ya fi ka rauni ka jingina masa.

Yanzu duk yamma nakan sa a kai mini kujera bakin fili. Yaron yana wasa, ƙafar hagun nan tana nan yadda take. Amma duk sanda ya zura ƙwallo, abokansa suna tsalle suna rungumarsa, shi ba ya murna tukuna. Sai ya fara waiwayowa ya dubi fuskata, ya ga ko bakina yana nan daidai. Nakan ɗaga masa sanda in yi murmushi, sannan ya ruga. Ina roƙon masu karatu su taya ni addu'a, Allah ya nuna mini ranar da zai ci ƙwallo ya manta ina wurin.