Kifin da Namijinsa Ke Goyo

Ban kai yaye ba Inna ta rasu. Babu mace a gidan sai kakata, ita kuma ƙafa ta riga ta ƙi. Baba masunci ne a Gummi. Sai ya ɗauki zanen Inna ya goya ni, ya riƙa zuwa bakin gulbi da ni. A wurinmu namiji yakan saɓa yaro a kafaɗa, amma goyo na mata ne. Abokan sana'arsa suka laƙaba masa Inna. Har na yi wayo ina jin suna cewa, "Inna, ina majanyi?" Yakan yi dariya tare da su. Amma bai taɓa yarda a yi zancen goyon nan ba, ko da godiya ce.

Ina sakandare malamin kimiyya ya ara mini littafi mai hoton dokin teku. Na kai wa Baba yana gyaran komarsa ta kamun kifi, na ce masa kifi ne.

"Wanga ba kihi ba na," in ji shi. "Kai na doki, wutsiya ta hawainiya, ga shi tsaye kamar mai jiran liman. Ina ɓawonai?"

"Tarwaɗa ma ba ta da ɓawo, Baba."

Ya harare ni, amma ya ajiye komar. Na gaya masa abin da aka koya mana: masana ba sa raba halittu da kamannin fuska, gini suke dubawa. Dokin teku yana da ƙashin baya, yana numfashi ta gefen kai, yana da 'yan fikafikan iyo. Don haka suka sa shi cikin kifaye masu ƙashi, dangi ɗaya da wani siririn kifi mai kama da tsinke, wanda shi ma bakinsa kamar bututu yake. Baba bai yarda ba. Akwai abu ɗaya da ban faɗa ba, don kada ya ɗauka ni ma na shiga sahun masu tsokana.

Daminar bara ciwo ya kwantar da shi. Ruwa ya ɓata hanya, babur bai iya shigowa unguwarmu, sai na goya shi zuwa bakin titi. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

"Sauke ni, yaro, mutane na kallo."

"Baba, ka tuna dokin teku?"

"Kihinka na ƙarya."

Na ce masa namijin ne ke da jaka a cikinsa. Macen takan zuba ƙwai a ciki, shi ya ɗauke su har su ƙyanƙyashe. Sai da muka wuce masallaci ya tambaya.

"Namijin?"

"Namijin, Baba."

"Kuma sunka bar shi cikin kihi? Ba su hidda shi ba?"

"Ba su fitar da shi ba."

Sai na ji ya saki jikinsa, ya kwantar da kai tsakanin kafaɗuna. Can ya ce, a hankali, "Kai kau ka cika ja min gashi in na goye ka, kana ƙarami." Wannan ne karo na farko da ya yi mini zancen.

Bai dawo daga asibiti ba. Allah Ya ji ƙansa. Da muka buɗe akwatinsa, zanen Inna yana can ƙasa a ninke, tsakiyarsa ta koɗe.