Mateo Na Kalanda

Mahaifina, Mateo Barrientos, makiyayin tumaki ne a ƙauyenmu da ke yankin Kastiya, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Ranar ashirin da ɗaya ga Satumba aka haife shi. Kakata ta dubi kalandar kicin, wadda kowace rana ke ɗauke da sunan waliyyinta, ta ga Mateo, shi ke nan. Haka ake raɗa suna a zamaninsu.

Shekara saba'in shi kaɗai ne Mateo a garin. Duk wanda ya tsaya sayen cuku sai ya sha bayani: sunan daga Ibrananci ya fito, ma'anarsa kyautar Ubangiji. Kyautar da ta hana mu sakat!

Sai sunan ya zama yayi. Uwa ta ƙwala "Mateo, sauko daga nan!" a dandali, tsoho ya waiga, yara uku su waiga.

"Jabu ne duk," in ji shi. "A waya suka tsinta. An haifi yaro a watan Maris, wai Mateo!"

Da na samu ciki, likita ta ce wajajen ƙarshen Satumba. Baba ya zagaye ashirin da ɗaya a kalandar kicinsa da jan biro. Takwara yake so na halak, wanda ranar ce ta ba shi sunan. Ya hana ni hawa bene, ya hana ni ɗaukar kwando.

"Remedios, zauna! Ki riƙe shi sai ranar."

"Haba Baba! Tumakinka ma kana sa musu ranar haihuwa ne?"

Yaron ya zo ranar ashirin ga wata, da tsakar rana. Kwana ɗaya tak ya rage. Baba ya iso asibiti da kalandar naɗe a aljihu, ya buɗe, ya nemo waliyyin ranar.

"Eustaquio," ya karanta.

"Baba, mun riga mun rubuta Mateo. Sunanka ne fa."

Na zaci zai yi murna. Ya daɗe yana kallon jaririn, idonsa ya cika.

"Ba ranarsa ba ce. Ba zan kira jikana da sunan aro ba."

Shekara biyar yana ce masa Eustaquio, a coci, a kasuwa, a gaban surukaina. Na yi faɗa, na yi roƙo, har gaba na yi da shi mako biyu. A banza.

Baba ya rasu bara da sanyi. A bana na kai yaron makaranta. Malama ta duba takarda ta ga Mateo huɗu a aji ɗaya, ta tambayi ɗana da me za a bambanta shi.

"Eustaquio," ya ce, ko waiwayo na bai yi ba. "Ranata ce."

Ina tsaye a bakin ƙofa, takaici ya cika ni, hawaye na zuba. Da na koma gida na nemo kalandar nan ta Baba na mayar da ita kan ƙusarta.